Farau-farau a Sugar Land

Barira ta tafi Columbus wankan jegon Hansatu,
ta bar mini miyar kuka a firji
da wata takarda manne a ƙofar gareji
wadda ban karanta ba.

Kwana tara tafkin bayan gida yana shuɗi.
Na ɗauka halinsa ne.

Ranar Asabar 'ya'yan Tanimu suka zo, su shida,
kowa ya sha man rana har yana ƙyalli,
autan ya juye sabulun gashi a ciki
wai yana son ya ga ruwa ya yi gemu.
Da dare sama ta kece.

Lahadi na ɗaga labule:
farau-farau.
Kumfa ta taru a kusurwa kamar bakin raƙumi,
matakala ta uku ta ɓace,
na tsoma hannu zuwa gwiwa, ban ga yatsuna ba.

Na ɗauko raga na yi ta kwasa.
In kwashe nan, ta tsiro can.
Shekara talatin ina lissafin kuɗin asibiti,
sisi bai taɓa ɓace mini ba,
ga ni kumfa tana yi mini wasan ɓuya.

Mista Delgado ya leƙo ta saman shinge,
kofi a hannu, bai yi dariya ba, Allah ya saka masa.
Ya miƙo tsinken gwaji.
Na tsoma, na ƙirga goma sha biyar,
launukan suka fito suna ba da shaida a kaina.
Ya ce kulorin ya mutu.
Ya ce yaushe rabonka da wanke mataci?
Na ce ashe ana wankewa?

Ruwa ba ya tsami banza.

Na buɗe tulun injin.
Gashi, ganyen da iska ta kwaso, ƙudan zuma biyu,
robar ɗaure kitso ruwan hoda.
Na tsaya da tiyo ina bin kowane lanƙwasa
har ruwan toka ya koma fari,
har bayana ya fara kiran sunana.

Bayan magariba na zuba kulorin,
don rana, in ji Delgado, tana cinye shi.
Na bar injin yana gurnani har asuba.
Litinin: madara.
Talata: ruwan wanke shinkafa.
Sai ya ba ni wata kwalba, ya ce zuba, kashe inji,
kada ka taɓa, kada ka ko kalla.

Nan na gane ta.
Iya Tasalla ce da ƙullin alif a bakin randa,
tana doke hannun duk wanda ya ɗauki moɗa:
bar shi ya kwanta.
Ban san na zo da wannan maganar Texas ba.

Na zauna a kujerar roba.
Waya ta yi ƙara, Barira ce, jaririya tana kuka a bayanta.
Ta ce yaya ruwana?
Na ce lafiya lau.
Ta yi shiru irin nata.

Laraba da hantsi dattin ya sauka ƙasa,
shimfiɗe kamar tsohon bargo.
Na bi shi da injin zuƙa a hankali, a hankali,
yadda ake ɗaga yaro mai barci,
don in ka yi sauri sai ya farka.

Matakala ta uku ta dawo.
Sai tayil ɗin nan mai tsaga.
Sai, can a zurfi, wata ƙaramar mota ja,
ƙafafunta sama.

Da yamma na je na tsaya gaban ƙofar gareji.
Rubutunta ne, mai karkata hagu:
Mataci, duk Laraba.
Gwaji, safe.
Yara su yi wanka kafin su shiga.
A ƙasa, da wani biro daban:
ka sha maganinka, Alhaji.